Maganin da Mas'uda Ta Kawo

SHAFI NA 21

Na ga saƙonninku duka. Rabinku kuna bayan Mas'uda, rabi kuna cewa na cika lallaɓa ta. Ku karanta wannan tukuna, kowa ya ga inda zai tsaya.

*

Mas'uda tana tsakar gida tana wanke kwanonin karin kumallo lokacin da ta ji sallamar Yaya Saude. Sai da hannunta ya tsaya cak cikin ruwan kumfa. A saninta matar nan tana can Turba wajen jegon ɗiyarta, kuma ba a yi arba'in ba tukuna.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da aka kawo Mas'uda Sabon Birni daga Kamarawa, gidan Malam Hafizullahi, malamin firamare. Kafin haihuwar nan, ba ta taɓa ganin Juma'ar da yayarsa ta fasa tasowa daga Isa ba, ko da direbobi na cewa hanya ba lafiya. Za ta zo, ta amsa gaisuwa sama-sama, ta shige ɗakin ƙanenta ta saki labule. Daga waje sai dai Mas'uda ta ji ƙus-ƙus da ƙarar ƙwayoyi cikin ɗan gwangwani. Ta taɓa tambaya sau ɗaya, aka ce mata maganin gyambon ciki ne. Duk wata biyu kuma su biyun za su kama hanyar asibiti a Sakkwato, ita a bar ta da tsaron gida.

Ita ke dafa masa abinci. Ita ke cika masa buta sau goma kafin gari ya waye saboda ciwon marar da ya hana shi sakat shekara biyu. Amma da zarar maganar lafiyarsa ta taso, sai a mayar da ita baƙuwa.

Ta ɗauraye hannu, ta rusuna ta yi gaisuwa.

Saude ba ta cire hijabi ba, ba ta kuma kalli tabarmar da aka shimfiɗa mata ba. Gidan take bi da kallo. Bangon tsakar gida an shafe rabinsa da shuɗin fenti an bar rabi. Ga littattafan rubutu na yara tuli guda a bakin ƙofa, kowane an cika shi da rubutu har bango. Ga ƙyauren banɗaki an cire an jingine.

Ta tambayi ina Hafizu. Mas'uda ta ce ya fita tun bayan asuba.

Sai Saude ta ce hedimasta ne ya kira ta jiya. Ya ce Hafizu ya tsayar da yara a taron safe kusan awa biyu cikin rana yana yi musu jawabi, ya hana kowa shiga aji, da ƙyar aka lallashe shi ya koma gida.

Ba jawabin ne ya fara taɓa Mas'uda ba.

"Ke yak kira?"

"Ni yak kira."

"Mutum shina da mata cikin gari, lambata na wurinai, amma sai an nemo ki daga Turba."

Saude ta yi kamar ba ta ji ba. "Kwana nawa rabonai da barci?"

Mas'uda ta sunkuya ta ɗauki wani kwano ta sake wanke shi, ko da yake ta riga ta wanke.

Ta san amsar. Ya fi kwana goma da ya koma yin barcin awa biyu ya tashi garau. To amma ta yaya za ta bayyana wa matar nan cewa watan nan shi ne mafi daɗi tun da ta yi aure? Mutumin da a da sai ta yi magana goma ya amsa ɗaya, yanzu shi ke bin ta madafa yana ba ta dariya. Ya ɗauke ta a mashin zuwa bakin gulbi gaban kowa. Ya rubuta mata wasiƙa shafi goma sha ɗaya. A ranta ta yanke cewa wannan shi ne mijinta na ainihi, wanda ƙwayoyin Yaya suka danne.

Saude ba ta jira ba. Ta wuce ɗakin ƙanenta kamar yadda ta saba, ta miƙa hannu saman kwaba, ta fito da gwangwanin. Ba ta ko buɗe ba. Girgiza shi ta yi sau ɗaya, nauyinsa ya gaya mata komai.

"Mas'uda. Da yad daina ɗaukar wayata, ke nika kira. Kullum safe ina tambayarki, kina ce man ya sha."

"Ya samu sauƙi, Yaya. Shi da bakinai yac ce bai buƙata."

"Ke kuma kinka ji daɗi."

Mas'uda ta miƙe tsaye. Wata guda tana ɓoye abin nan, tana kuma ɗokin ranar da za ta nuna shi. Ta shiga ɗakinta, ta ɗaga ƙasan akwati, ta fito da katin ƙananan ƙwayoyi ta ɗora a tafin hannun Saude.

"Ga abin da yab ba shi lahiya. Shekara biyu kina kai shi Sakkwato, ciwon mara na nan inda yake. Ni sau ɗaya na kai shi asibiti."

Ta ba ta labarin, tana jin daɗin kowace kalma. Kwana biyu da tafiyar Saude Turba ciwon ya tayar masa, har ya kasa tsayawa a aji minti ashirin ba tare da ya nemi banɗaki ba. Ta ji labarin wani likita da ke zuwa wani ƙaramin asibiti a gari sau ɗaya a mako, ta matsa sai da suka je. Likitan ya duba duk tsofaffin takardun gwaji, ya ce babu ƙwayar cuta a fitsarin, shi ya sa magungunan sanyi da ake ta ba shi ba sa yin komai. Ya ce mafitsarar ce da kanta take da raɗaɗi. Akwai wani magani wanda asalinsa na masu ciwon damuwa ne, amma in aka ba da shi kaɗan yana kwantar da irin wannan zafin. Cikin mako biyu Malam ya daina murƙususu.

Saude ta juya katin tana ƙoƙarin haɗa harufan. Amitiriftilin.

"Bai tambaye shi komi ba kahin ya rubuta?"

Mas'uda ta ce ya yi tambayoyi mana, likita ne mai natsuwa. Ya tambaya ko yana shan wani magani. Ya tambaya ko an taɓa duba shi a kan abin da ya shafi ƙwaƙwalwa, ko ya taɓa yin kwanaki ba barci kuma yana jin ƙarfi. Har sau biyu ya maimaita. Malam ya ce a'a.

"Kina ciki sadda anka yi mai wagga tambaya?"

"Ina ciki mana. Sun ce in jira waje, na ƙi. Ke ba shiga kike ba in kun tahi?"

Sai a lokacin Saude ta zauna. Ba a kan tabarma ba, a kan turmin da ke kife kusa da ita. Ta riƙe gwangwani a hannu ɗaya, katin a ɗayan.

"Gabanki ba ya iya hwaɗi," ta ce a hankali. "Da kin tsaya waje, da ya hwaɗa mai."

"Ya hwaɗi mi?"

Saude ta kalli bangon da aka bari rabi. Da ta fara magana, muryarta ba ta faɗa ba ce.

Ta ce ba gyambon ciki ba ne. Shekara bakwai da suka wuce, yana ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, Hafizu ya yi kwana tara bai runtsa ba. Ya raba kayan sawarsa a tasha. Ya kama hanyar Shinkafi a ƙafa ba takalmi, yana cewa an aiko shi ya gyara duniya. Ita ta tsinto shi da tafin ƙafa duk jini. Da abin ya sauka kuma sai ya juye, ya yi wata huɗu kwance a ɗaki fuskarsa na bango, ita ke ɗura masa kunu da cokali. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba abin da ya canza, sai da aka kai shi Sakkwato. Likitoci suka ce ciwo ne sananne, suna kiransa baifola, mai ɗaga mutum sama ya kuma sauke shi ƙasa. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma in ana shan magani mutum yana zama lafiya lau, ya yi aikinsa, ya riƙe gidansa. Ƙwayoyin gwangwanin nan su ke riƙe shi a tsakiya. Shekara shida bai sake tashi ba.

Mas'uda ta dafa randa.

"Wa da wa sunka sani?"

"Ni. Da hedimasta. Da Kawu Amiru."

"Hedimasta ya sani." Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Hedimasta ya san abin da ke jikin mijina, ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ban sani ba."

Saude ta ce Hafizu ne ya roƙe ta. Kafin ya haɗu da Mas'uda, ya nemi wata yarinya a Isa, har an sa rana, ya gaya mata gaskiya da kansa. Washegari iyayenta suka dawo da kaya, gari ya ɗauka wai mahaukaci ne. Da ya ga Mas'uda ya ce wannan kam ba zai iya rasa ta ba. Ya sa Saude ta yi masa alkawari.

"Shekara ɗaya da rabi, Yaya. Kin ga ban gudu ba da ciwon mara. Kin ga ni ke wanke mai kaya. Ko rana ɗaya ba ki ce mai lokaci ya yi ba?"

Mas'uda ta saki randar ta matso gabanta.

"Ba don shi kaɗai kinka ɓoye ba. Kina son ya zama ke kaɗai kinka san shi."

Wannan ta shiga. Mas'uda ta ga yadda leɓen matar ya motsa. Saude ta ce ita ta goye shi ranar da aka binne innarsu, yana ɗan shekara uku, ba wanda zai koya mata son Hafizu. Amma ba ta ce ƙarya ne ba.

Ta ciro waya ta kira Sista Rukayya, ma'aikaciyar jinya da ke duba shi a Sakkwato, ta sa a amsa-kuwwa, ta karanta mata harufan katin ɗaya bayan ɗaya.

Sista ta tambaya yaushe ya fara, yaushe kuma ya bar nasa. Ta ce maganin ba mugu ba ne, ana ba da shi ga masu ciwon mafitsara irin nasa, kuma yana taimakon mutane da yawa. Matsalar ita ce ga mai baifola yana iya tunzura ciwon ya ɗaga shi sama, balle in ya ajiye maganin da ke daidaita shi. Da likitan ya san tarihinsa, da ya nemi wata hanya, ko ya tuntuɓe su tukuna. Ta ce kada a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya, a kawo shi yau, kada a bari sai gobe, kada kuma a yi masa gardama ko a bar shi shi kaɗai.

Mas'uda ta matso kusa da wayar. Ta tambaya ko ciwon marar zai dawo in an daina.

"Wace ce ke magana?"

"Matatai ta."

"Ayya, ashe ya yi aure. Ba a taɓa gaya mana ba." Sista ta ce zai iya dawowa, amma akwai wasu hanyoyin, likitocin biyu za su zauna su duba. Yanzu dai a kawo shi.

Ba a taɓa gaya musu ba. Mas'uda ta kalli Saude. Saude ta kalli ƙasa.

Ana cikin haka suka ji mashin ya tsaya a ƙofar gida.

Malam Hafizu ya shigo da sallama mai ƙarfi, hularsa a karkace, idanunsa jajur amma suna sheƙi. Ya rame. Sai yau Mas'uda ta lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yi murna da ganin yayarsa, ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, bai jira amsa ba ya wuce zuwa maganar fenti, daga nan zuwa rijiyar da zai haƙa wa makaranta, daga nan zuwa gero.

Ya ce ya gano bakin zaren. Mutanen Gangara sun yi noma amma ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa su yi girbi saboda mutanen daji masu bindiga. Kowa tsoro yake ji, shi ya sa abin ya ƙi ƙarewa. Ba wanda ya taɓa zama da su ya yi musu bayani yadda ya kamata. Shi malami ne, bayani aikinsa ne. Ya rubuta komai a littafi, hujja ashirin da bakwai.

Sai idonsa ya sauka a kan gwangwanin. Ya kalli katin. Ya kalli fuskar matarsa.

Na ɗan lokaci kaɗan ya dawo Hafizun da ta sani, mai shiru.

"Kin hwaɗa mata, Yaya."

Saude ta ce dole ta sa. Ta lallashe shi da murya mai taushi, ta ce su je Sakkwato yau a duba shi kawai, gobe su dawo.

Ya girgiza kai yana murmushi. Ya ce shekara shida yana tafiya kamar wanda aka ɗaura wa dutse a ƙafa, yau da ya samu kansa ake so a mayar da shi. Ya juyo wajen Mas'uda, ya kama hannunta a gaban yayarsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ke kinka zauna da ni watan ga. Hwaɗa mata. Ban warke ba?"

Mas'uda ta san abin da ya kamata ta ce. Ta ji bayanin Sista da kunnenta. Amma ga hannunsa cikin nata, ga Saude tana kallo, kuma karo na farko ita aka tambaya. In ta ce a'a, ta miƙa shi ke nan, ta koma bayan labule.

"Ka samu sauƙi, Malam," ta ce.

Bai bari ta ƙarasa ba. Wataƙila ma ba ta da niyyar ƙarasawa. Ya saki hannunta yana dariya, ya ce to an ji, ya durƙusa yana tona tulin littattafan.

Saude ta ja Mas'uda cikin ɗaki ta saki labule. Cikin raɗa ta ce za ta kira Kawu Amiru ya zo da mota, za a ce masa Isa za su je gaida dangi, in an hau hanya sai a wuce. Ta ce Mas'uda ta haɗa masa kaya kala uku.

Mas'uda ta ce za ta haɗa nata ma.

Saude ta ce babu wuri, kuma ganinta zai ƙara tayar da shi, ta zauna ta tsare gida.

"Ba ni ƙara tsaron gida. Mijina na."

"Mijinki da kinka kusa kashewa?"

"Da kun hwaɗa man gaskiya da na kai shi wurin wani likita?"

"Da kin bar gasa da ni da kin ba shi maganinai."

"Za ni Sakkwato, Yaya. Ko cikin but ɗin mota na."

Muryoyinsu sun daina zama raɗa ba su sani ba. Kowace tana faɗin nata, ba mai sauraren wata. Ƙarar tayar da mashin ce ta katse su.

Suka fito a tare, suka haɗe a bakin ƙofa. Tsakar gida ba kowa. Littafi ɗaya ya ragu daga saman tulin. Kafin su kai zaure sai ƙura kawai suka gani a ƙarshen layi. Mai shagon da ke kallon gidan ya ce Malam ya cika tanki tun da safe, ya kuma tambaye shi ko hanyar Gangara a buɗe take yau.

Saude ta kira shi. Ya yanke. Ta sake kira, ya sake yankewa. A karo na uku wayar ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa. Ta ɗago ta kalli Mas'uda, idonta cike da hawaye, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba.

"Gwada taki. Ƙila ke ya ji maganarki."

Bugu ɗaya ya ɗauka. Iska na kaɗawa cikin wayar, injin na ruri.

"Mas'uda. Na san ke za ki kira. Ke kaɗai kinka gane ni. Kar ki ba Yaya."

Shekara ɗaya da rabi take jiran jin wannan magana. Yanzu da ta zo, ji ta yi kamar an zuba mata garwashi a ƙirji.

Ta ce ba za ta ba ta ba. Ta roƙe shi ya tsaya gefen hanya su yi magana. Ya ce ba lokaci. Ta ce to ya dawo ya ɗauke ta su je tare, tana son ta ji hujjojin nan ashirin da bakwai. Ya yi dariya, ya ce in ya dawo zai karanta mata.

Ta rufe ido.

"Malam, ƙarya na yi ɗazu. Ba ka warke ba. Maganin da na sa anka ba ka shi yat tada ciwon. Na ji komi, kuma ba inda za ni. Ko shekara nawa za a yi ana shan ƙwayar ga, ni za ni riƙa ba ka da hannuna. Don Allah ka juyo."

Sai ta ji ƙarar injin ta ragu. Ta ƙara raguwa. Saude ta matso har kuncinta na taɓa na Mas'uda, su biyun kunne a waya ɗaya.

"Ka tsaya?" Mas'uda ta tambaya. "Malam, juyowa kake?"

"A'a," ya ce, muryarsa wasai. "Itace anka gitta bisa hanya. Ga wasu mutane nan sun hito."

"Waɗanne mutane? Masu kaki?"

Ta ji ya yi musu sallama cikin fara'a, kamar yadda yake yi wa iyayen yara a bakin makaranta.

Ba a amsa sallamar ba.

Sai wata murya wadda ba tasa ba, kusa da wayar sosai, ta ce, "Kashe mashin. Da wa kake magana?"